An Ƙunshe Tsire Da Ƙarshen Labari

Lahadi, 5 ga Disamba, 1999, bayan la'asar

A littattafan da nake karantawa, in masifa za ta zo, tun da asuba gaban yarinyar yake faɗuwa, kofi ya suɓuce mata ya fashe. Ni ranar Alhamis ɗin nan ta ƙarshen Nuwamba babu abin da ya suɓuce mini. Na ci ɗumame, na share ɗaki, na zauna ina liƙe bangon wani littafi da sitaci. Ko azahar ba a kira ba sai ga mijina Uwaisu. A takarda dai zan iya kiran sunansa, tunda ba ya karanta boko. Mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 ta Legas ba ya dawowa Agege kafin magariba, amma ga shi tsaye a bakin ƙofa, babu hula, ƙafa a ƙasa, ya riƙe takalmi wari ɗaya a hannu kamar wanda aka aiko da shi.

Da safe su biyu suka fita, shi da ƙanensa Badaru.

Na ce, "Malam, ina Badaru?"

Ya ce, "Yana tafe."

Har yau yana tafe.

Ba zan rubuta rikicin da ya faru a kasuwar ba. Rediyo ta faɗi nata, duk wanda ya shigo gidan nan ya faɗi nasa. Abin da idona ya gani kawai zan rubuta: namiji ya yi gudu har takalmi ya fice masa, ya baro ɗan'uwansa a baya, amma bai baro ɗaya warin ba. Ya cusa shi ƙarƙashin gado, ya kwanta ya fuskanci bango.

Wannan shi ne mutumin da na baro Kano dominsa. Da ya zo zance gidanmu a Kurna da farar shadda, yana magana ƙasa-ƙasa, na ɗauka irin shirun nan ne na mazan littafi, wanda akwai wani abu a bayansa. Ashe shiru ne kawai.

Kalsum, matar Badaru, ɗakinta ne jikin nawa. Ina jin motsinta duk lokacin da aka taɓa ƙyauren gida.

Talata, 7 ga Disamba, hantsi

Tunda babu mai tambayata, bari in gaya wa takarda: ni ma ina da sana'a, kuma ita ma ta tsaya. Hayar littattafai nake bayarwa. Matan Hausawa daga Sango har Isale Oja sun san ɗakin Nazifa mai littafi.

Kowane labari kashi uku yake zuwa. Mace za ta dawo da na ɗaya don ta karɓi na biyu, ta dawo da na biyu don ta ga na uku. To in ta kai ƙarshe me zai dawo da ita? Sai ta ce jariri ya yaga, ko ƙanwar mijinta ta wuce da shi Ibadan. Da aka yi mini haka aka sake, na yi hankali. Yanzu na ɗaya da na biyu suna kan tebur, kowa ta ɗauka ta tafi. Na uku ba ya fita. Yana ƙasan akwati, naɗe a tsohon zane, a ƙarƙashin gado. Mai son ƙarshen labari sai ta zo da hantsi bayan maza sun fita, ta wanke hannu, ta zauna a tabarmata ta karanta. Babu wanda ya koya mini wannan. Da kaina na gano.

Tun ranar Alhamis ɗin nan babu wadda ta zo. Mazansu sun hana su leƙa ko zaure. Mazan da su ma a ɗaki suke, suna murɗa rediyo.

Alhamis, 9 ga Disamba, bayan shan ruwa

An ɗauki azumi. Kalsum ta zuba kunu a kwano biyu, ta rufe ɗaya da faifai.

Asabar, 11 ga Disamba, azahar

Yaya Baballe ya zo. Shi ne babban wansu, kuma rumfar tasa ce. Ranar Alhamis ɗin nan yana Ilorin, shi ya sa ya fi kowa sanin yadda ya kamata a yi. Ya cika mini kujerata guda ɗaya da babbar riga, ya sa aka kira Kalsum.

Ya ce, "Mata duk gida za su koma. Akwai motar da za ta mayar da kwanduna ranar Lahadin farko ta sabuwar shekara. A sauke ku a Kwanar Gafan, daga nan a zo a shiga da ku ƙauye. Ku yi Sallah a gaban Inna."

Na ce, "Har zuwa yaushe, Yaya?"

"Har Allah ya yi."

"Littattafaina fa?"

Ya dubi teburin kamar an nuna masa kashin kaji. Ya ce, "Amarya, a can ma ana hura wuta."

Na dubi Uwaisu. Ina jira. A littafi nan ne wurin da namiji yake miƙewa tsaye, jijiyar kansa ta tashi. Nawa ya dubi babban yatsan ƙafarsa ya ce, "Duk yadda Yaya ya ce."

Ƙauyen na san shi, na kwana can da biki. Babu mace ɗaya da ta iya haɗa baƙi. In na tafi, sana'ata ta mutu, in koma 'yar birnin da ba ta iya surfe ba, ana dariyarta a bakin turmi. Kuma a motar kwanduna. Ya ma dace. An kawo kaya Legas, an juye, ana mayar da fanko.

Kalsum ta ce ita ba za ta tafi ba, in Badaru ya dawo wa zai tarar? Yaya Baballe ya ce Badaru ya san hanyar gida. Bai dube ta ba da ya faɗa.

Uwaisu kuma ya ce shi da kasuwar nan har abada. Yaya ya samo masa tebur da tukuba a bakin layin dogo, zai riƙa tsire da yamma. Daga mai kwando ɗari zuwa mai tsinke.

Litinin, 13 ga Disamba, la'asar

Labulena, hijabina, har filona, komai warin ƙuli da hayaƙi. Mazan littafi turare suke bari a ɗaki in sun fita.

Laraba, 15 ga Disamba, hantsi

Shekara tana ƙarewa, ni kuma ina ta tuna farkonta. A jirgin ƙasa aka kawo ni, muka yi ta tsayawa a daji har na manta ranar da muka taso. Duk hanya ina hango kaina a Legas: bene, tagar gilashi, teku, ni da shi a bakin ruwa yana karanta mini waƙa. Muka sauka a tashar Iddo, ruwan da na fara gani baƙi ne da leda a kai. Aka cusa ni a danfo, kwandasta yana zagin uwar kowa. Wannan yarinyar da ta sauka da lalle har gwiwar hannu tana neman teku, in na tuna ta haushi take ba ni. Wawiya ce, kuma ta ji daɗin wautarta.

Wata biyar na yi ina kallon bango. Littattafan da na taho da su na karanta har na haddace. Rannan Batulu, maƙwabciyarmu haihuwar Agege, ta ari ɗaya, ta dawo washegari idonta jawur ta ce, "Ina ci gaban?" Daga fuskarta na gane akwai kasuwa.

Da damina Yayata ta haihu, na je Kano suna. Ni kaɗai, a babbar mota. Ban yi barci ba, na ga Jebba, na ga gadar, na ga gari ya waye a Kaduna. Bayan suna na ce zan je gaida ƙawa, na wuce wurin 'yan littafi a Sabon Gari. Wani ya so ya haɗa ni da waɗanda shafinsu bai cika ba, don ya ga yarinya. Na zauna a bencinsa na buɗe su ɗaya bayan ɗaya har ya gaji ya ce, "Hajiya, ke dillaliya ce?" A duk shekarar nan babu maganar da ta yi mini daɗi kamar wannan. Na dawo da jaka cike, na ɗauko ta a kaina daga tasha.

Uwaisu ya ga jakar ya ce, "Allah ya sa albarka." Bai tambayi mene ne a ciki ba. Har yau bai tambaya ba.

Jiya Kalsum ta shigo ta karɓi na biyun labarin Injiniya Zaharaddini. Ta ce ba ta iya zama haka. Na ba ta, ban yi tunani ba. Sai da ta fita na tuna yadda na biyun yake ƙarewa: an tsinci motarsa a bakin kogi, ƙofa a buɗe, shi babu.

Asabar, 18 ga Disamba, bayan azahar



Da hantsi Batulu ta faɗo ɗakina ko sallama ba ta ƙarasa ba. Tana riƙe da wata takarda da mai ya jiƙe, yaji ya manne a jiki.

Ta ce, "Abeg Nazifa, wace irin wahala ce wannan? Oga ya sayo mana tsire jiya, ina buɗewa sai na ga Hajiya Babba ta mutu, wai ashe ita ce ta sace jaririn. Ni ko na biyu ban gama ba o. Kin ɓata mini azumi."

Na karɓa. Na san rubutun. Na san shafin.

Na jawo akwati. Zanen yana nan a ninke, an ma ninke shi da kyau fiye da yadda nake yi. Ƙarƙashinsa babu komai sai bangwaye, an jera su kamar faranti.

Uwaisu yana tsakar gida yana yanka albasa. Na ce, "Malam, wa ya buɗe mini akwati?"

"Ni ne. Mai kawo tsohuwar jarida ya daina zuwa."

"Ka san abin da ka ɗauka?"

Ya ajiye wuƙa. Ya ce, "Ai na duba sosai. Na kan tebur ban taɓa ba, na ga su ne suke tafiya, duk sun sha hannu. Na ƙasan nan kuwa sababbi fil, tun yaushe suna kwance ba mai nema. Na ce kwantai ne."

Kwantai. Kayan da kasuwa ta tashi ba a saya ba. Ya dubi dukiyata da idon mai tumatir: abin da ya kwana a ƙasan kwando a rabu da shi kafin ya ruɓe. Bai taɓa ganin ana karanta su ba, don duk lokacin da ake karantawa yana kasuwa. Kuma bai taɓa tambaya ba.

Har ya ƙara da cewa, "Sai da na cire 'yar wayar da aka ɗinke su da ita, kar ta shiga naman mutane."

Yana faɗa yana kallona, yana jiran in gode.

Na yi dariya. Ban san daga ina ta fito ba. Duk auren da aka sha wuya aka ɗaura, duk muguwar da asirinta ya tonu, duk wanda ya ɓata aka gan shi, mutanen Agege sun cinye da albasa sun jefar a kwata. Na ce masa, "Sannu da ƙoƙari." Ya ce, "Yawwa." Sai daga baya ya ɗago kai.

Lahadi, 19 ga Disamba, la'asar

Ya shigo mini da lemo da ayaba. Na ba 'ya'yan Batulu.

Talata, 21 ga Disamba, bayan azahar

Abin da tsoro ya hana, tsire ya kawo. Labari ya zaga, yau ɗakina ya cika. Matan da aka ce ba sa iya leƙa zaure, ga su sun ratso layin dogo da azumi a baki. Wata ta zo da rabin shafi, wata da kusurwa. Suka baje a tabarma suna haɗawa, sai ga likitan wani labari yana auren yarinyar wani labarin.

Batulu ta ce, "Ke kin karanta duka. Oya, faɗa mana."

Na faɗa musu. Inda na manta na ƙara nawa. Babu wadda ta gane. Wata ma a daidai wurin da na ƙirƙira ta fashe da kuka, tana cewa marubucin nan Allah ya ba shi basira. Na dube su, manyan mata, wasu da jikoki, an ƙone rumfunan mazansu, ba su san me za a ci da Sallah ba, suna share hawaye saboda wani Alhaji da ba a taɓa haifa ba. Na raina su. Sai na tuna wa ya koya musu.

Da za su tafi Batulu ta tsaya a ƙofa. Ta ce, "Baki ba takarda ba ne, Nazifa. Ni da idona nake so. In kika tafi ƙauye wa zai kawo mana? Waɗannan mazan?"

Iya Sikira, Bayarabiya mai gidan da muke haya, ta ga fitarsu. Ita ce ranar Alhamis ɗin nan ta kulle ƙofar gida ta kafa kujera a waje ta zauna da farantin goronta har dare, duk wanda ya tambaya ta ce 'ya'yanta ne a ciki. Ta ce mini da Hausarta, tana kirana amarya da Yarbanci, "Iyawo, kai ma za ka tafi?" Na ce haka aka ce. Ta ce, "Wa ya ce?" Na ce Yaya. Ta taɓe baki ta ci gaba da tsintar wake.

Yaya Baballe da ya ji labarin littattafan cewa ya yi an rage wa mota nauyi.

Alhamis, 23 ga Disamba, la'asar

An kai maganar Kalsum wurin malamai biyu. Ɗaya ya ce ta fara takaba, ɗaya ya ce ba a takaba sai an tabbatar, ta jira. Kowanne ya buɗe littafinsa ya rufe, aka ba shi goro, ya tafi gida wurin matarsa.

Ta shigo ɗazu ta ajiye mini na biyun a kan tebur. Ba ta lanƙwasa ko shafi ɗaya ba. Ta wanke hannu a bakin ƙofa kamar yadda ake yi, ta zauna a tabarma, sannan ta tuna babu abin da zan miƙa mata.

Ta ce, "Yaya Nazifa, ya dawo?"

Na san ƙarshen. Ya dawo mana. Wasu masunta suka tsince shi, ya manta sunansa, wani attajiri ya kai shi ƙasar waje, ya dawo da mota da ta fi ta farko, ranar da za a ɗaura wa matarsa aure. Da na karanta shi da damina sai da na rungume littafin. Yau da na tuna, kunya ta kama ni kamar ni na rubuta.

Na ce, "Bai dawo ba. Ta jira, ta gaji, ta yi abin da ake yi. Daga baya ta koyi ɗinki, ta yi suna a garin."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ba ki iya ƙarya ba. Ya dawo. Duk suna dawowa. In ba sa dawowa wa zai saya?"



Ta ce, "Ba don in yarda nake so ba. So nake in ga wurin da ya yi sallama, in ga me ta ce masa."

Wannan shafin yana cikin wata kwata tsakanin nan da unguwar Pen Cinema.

Lahadi, 26 ga Disamba, hantsi

Yaya ya aiko a fara ɗaure kaya. Kalsum ta zo taya ni ninki. Na jawo akwati daga ƙarƙashin gado, takalmin nan ya biyo shi, ya yi ƙura.

Na ture shi da ƙafa na ce, "Ga abin da jarumin namu ya ceto."

Ta sunkuya ta ɗauka. Ta juya shi. Ta ce, "A ina kika samu wannan?"

"Na Malam ne. Da shi ya shigo a hannu ranar."

"Ba nasa ba ne." Ta nuna mini maɗaurin. "Ni na kai wa mai gyara. Ba shi da jan zare, ya sa baƙi. Badaru ya yi ta mita."

Ta sa hannu a ciki, inda diddige ya lotsa. Ba ta yi kuka ba. Ta goge ƙurar da gefen zanenta, ta tashi ta fita da shi.

Na san kalar agogon Injiniya Zaharaddini. Na san irin turaren da likita yake sawa. Ƙafar mutumin da nake kwana ɗaki ɗaya da shi ta fi wannan takalmin da nisa, kuma wata guda ina kallon abin ban gani ba.

Litinin, 27 ga Disamba, bayan shan ruwa

Kwano ɗaya Kalsum ta zuba yau. Ta cire 'yan kunnenta ta kawo mini ajiya. Ba ta jira malamai ba.

Laraba, 29 ga Disamba, bayan azahar

Na same shi yana soka nama a tsinke. Na ce, "Malam, takalmin na Badaru ne."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Nasa ne."

"Yaya aka yi?"

"Mun fito tare. Na waiga ban gan shi ba. Na koma."

"Ka koma ciki?"

"Na koma."

"Sai me?"

"Sai takalmin."

Na ce, "Naka fa?" Ya ce bai san inda suka fice ba. Na ce, "Me ya hana ka faɗa? Yarinyar nan wata guda tana rufe kunu da faifai."

Ya soka wata tsoka, ya gyara mata zama. Ya ce, "In na faɗa ya tabbata."

Ke nan. A littafi wannan maganar shafi goma za ta ci, da hawaye, da riƙe hannu. Nawa ya gama ya ce in miƙo masa gishiri.

Ban san inda zan ajiye rainin da na tara ba. Na ɗauka matsoraci ne, ashe ya koma inda kowa yake gudowa. To amma mutumin da ya iya wannan, ya kasa buɗe baki a gaban wansa, ya kasa gaya wa matar ƙanensa kalma ɗaya, ya kasa tambayar matarsa mene ne a akwatinta. Ban fasa jin haushinsa ba. Haushin ne dai ya sauya wurin zama.

Na miƙa masa gishirin.

Juma'a, 31 ga Disamba, kafin magariba

Wai yau duniya za ta tsaya. Batulu ta ce injinan Turawa duk za su rikice, jirage su faɗo. Cocin bayanmu tun rana suke kiɗa. Mutanen da ba su iya hana kwata shiga ɗakinsu ba, su ne suka san ranar tashin duniya. Tamu ta riga ta yi abin da za ta yi tun watan jiya, kuma ga mu muna jiƙa gero.

Na zauna na duba shekarar. Na zo da lalle da mafarki. Teku har yau ban gan shi ba, kuma na daina nema. Na koyi hawa danfo, na koyi zagi da Yarbanci, na koyi cewa mace ba ta dawo da na uku. Na yi doguwar tafiya ni kaɗai, ba abin da ya cinye ni. Wani mutum a Sabon Gari ya kira ni dillaliya. Abin da na samu ke nan, kuma ba na jin akwai wanda zai loda shi a motar kwanduna ya kai wa Inna.

Ɗazu yana ɗaure tsinkaye zai fita, na tsaya a gabansa.

Na ce, "Malam, jibi zan hau motar. Ba zan bar Kalsum ta yi wannan hanyar ita kaɗai ba. Amma in an sauke ta, ni Kano zan wuce. Asusuna zan fasa. Zan sayo abin da ka ƙunshe tsire da shi, in dawo."

Ya ce, "Yaya ba zai so ba."

"Na sani."

"Garin nan bai kwanta ba."

"Kai ma a cikinsa kake."

 Na tsaya ina jiran maganar nan tasa, duk yadda Yaya ya ce, har na shirya fuskar da zan yi mata. Ya ɗaga tire ya ɗora a kai, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya bai juyo ba.

Ya ce, "In za ki taho, ki taho mini da ƙuli. Na nan garin rogo suke haɗawa da shi."

Ƙuli. Wata a ce mata hasken idona, wata a ce mata numfashina. Ni ƙuli-ƙuli. Na tsaya ina kallon bayansa har ya sha kwana, da silifas ɗinsa wari biyu kala daban.

Na kwance ɗaurin littattafan, na mayar da su kan tebur. Na damƙa wa Batulu amanarsu, na ce duk wadda ba ta dawo da na ɗaya ba kar ta ga na biyu. Kalsum na ce mata zan aiko mata da na ukun Zaharaddini ƙauye, ita kaɗai, kuma ba sai ta dawo da shi ba.

Kaya kala biyu na ɗaure da jakar da ba komai a ciki.

Ba zan sauka a Kwanar Gafan ba. Kano zan wuce, kuma bayan Sallah zan dawo Agege.